Tazkiyya ta Uku

Sunana Mahmudu a takarda, Balarabe a unguwa, a gidanmu kuwa ba ni da suna. Ni ne ɗan fari. Mahaifina Malam Audi bai taɓa kiran sunana ba tun ranar da aka yanka ragona, haka ma Inna. In yana nemana sai ya yi gyaran murya, ko ya ce wa ƙanwata Ikilima, "Kira wancan." In baƙo ya yabe ni a gabansa sai ya kau da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. Ba ƙiyayya ba ce. Kunyar ɗan fari ce, wadda ya ɗauko daga Damagaram a ƙafa, ya ratsa Cadi da Sudan da ita shekara tara, ya ƙetare teku bai bari ko ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. Ni a unguwar Harra ta Gabas a Madina aka haife ni, na yi karatun likita a Jidda, na saba da abin har na daina ganinsa. Sabon nan shi ya kayar da ni.

Ina ajin kusa da ƙarshe Baba ya faɗi a kan keken ɗinkinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Larabcin da ya yi shekara talatin yana ciniki da shi ya tattara ya gudu, aka bar shi da Hausa da Alƙur'ani, su ma a hankali suke fitowa. Asibiti suka riƙe shi mako uku, suka sallame shi da ƙwayoyi da kalmar da ake ba kowa kyauta, wai a yi haƙuri. Babu wanda ya gaya mana yadda za a juya shi a shimfiɗa, balle yadda zai sake taka ƙasa.

Abin ya ci mini rai. Na nemo littattafai, ina shigo motar haya daga Jidda duk Alhamis in gwada abin da na karanta a jikinsa. Na kai wa Maikuɗi, wani mai walda ɗan Cadi a Al-Azizya, zanen da na yi a bayan takardar magani, ya haɗa mini dogayen bututun ruwa biyu masu ƙafafu, muka kafa su a tsakar gida daga bakin ɗakin Baba zuwa wajen ƙofa. Na sa aka ƙara wa kujerarsa tsawo don ya iya miƙewa daga kanta. Duk ranar da nake gida, bayan la'asar sai in rungume shi ta ƙarƙashin hammata, in tokare gwiwarsa da tawa, in ɗaga. Ba ya kallona, ba na kallonsa. Wata biyar muka yi kafin ya ɗaga ƙafar sau ɗaya. Lokacin da na dawo Madina shekarar imtiyaz, wato shekarar da sabon likita ke zagaya sassan asibiti a ƙarƙashin manya kafin a sake shi, Baba yana yin taku goma sha takwas tsakanin bututun nan.

A tsakar gidan nan na san abin da nake so in zama. Larabawa suna ce masa ta'ahil: koya wa jikin da cuta ta karya yadda zai koma aiki. Abokan karatuna dariya suka yi mini. Kowa yana hanƙoron tiyata ko zuciya, ni ina neman zama likitan sanduna da keken guragu. Ban damu ba. A wancan lokacin ba a horar da wannan fanni a ƙasar, sai dai ma'aikatar lafiya ta tura mutum Kanada shekara huɗu. Sharaɗin can kuwa tazkiyya uku, takardun shaida daga manyan likitocin da ka yi aiki a hannunsu, kuma dole ɗaya ta fito daga ƙwararren ta'ahil da ya gan ka kana aiki da idonsa.

A duk Madina mutum ɗaya ne irin wannan: Dakta Sharfuddeen, wani dattijo ɗan Haidarabad da ya yi horo a Ingila, yake riƙe da ɗakuna uku a ƙarshen asibitinmu, bayan wurin wanki. Kwangilarsa za ta ƙare ƙarshen Muharram na 1405, kuma ba a yi zancen kawo wani a madadinsa ba.

Da na gaya wa Baba maganar Kanada ko kallona bai yi ba. Ya juya wajen Inna ya ce, "Mu shekara tara muka yi muna neman hanyar shigowa. Wasu ko hanyar fita suke nema." Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na ɗauka ya gama maganarsa ke nan.

A shekarar imtiyaz wata goma an riga an raba maka su: tiyata, cikin jiki, yara, haihuwa. Wata biyu ne kawai naka, ka zaɓi sashen da kake so da lokacin da kake so. Na rubuta ta'ahil duka biyun, na nemi Rajab da Sha'aban, watannin da gari yake shiru. Na kai wa mudir, wato shugaban horo, wani mutum mai fara'a fiye da kima. Duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashin mai irin wannan fara'a ya san abin da nake nufi.

"Ahlan, ya duktur Mahmud! Ta'ahil? Masha Allah, babu wanda ya taɓa nema." Ya duba jadawalinsa yana kaɗa kai. "Rajab da Sha'aban ina da giɓi a wajen yara. Ga Zulƙida, ga Muharram, na ba ka su duka. Ai ma ya fi, kwanakin sun fi albarka."

Ɗan Madina ko yana barci ya san mene ne Zulƙida da Muharram. Alhazai suna cika gari kafin Arfa, suna sake cika shi bayan Arfa. Na kuma san cewa a cikin likitocin asibitin nan ni kaɗai ke jin Hausa. Na ga tarkon sarai, har igiyarsa na gani. Sai na ji bakina ya ce, "Ɗayyib, ya duktur." A gidanmu ba a koya mini ce wa babba a'a ba, an dai koya mini in ce to, in je in yi ta cin raina a waje.

Zulƙida ta faɗo tsakiyar zafi, irin wanda baƙin duwatsun Harra ke mayar wa mutum a fuska. Ranar farko na shiga ɗakunan Dakta Sharfuddeen da sabon littafi a aljihu. Mutum ne gajere mai farin gemu, ba ya gaggawa, ba ya kuma maimaita magana. Yana nuna mini yadda ake auna lanƙwasar gwiwar wani direba da ya karye, sai lasifikar bango ta yi kara.

"Duktur Mahmud, ɗawari. Duktur Mahmud, ɗawari."

Ɗawari shi ne sashen gaggawa. Na je, na tarar da wata tsohuwa 'yar Sakkwato a kan gado, likitoci biyu da nas uku sun kewaye ta suna ta yi mata ihu da Larabci, kamar ƙarfin murya zai buɗe mata kunne. Na ce, "Sannu Hajiya, ina ke miki ciwo?" Ta kama hannuna ta fashe da kuka. Kafin in gama da ita an shigo da wani, bayansa wani. Ban koma wajen gwiwar direba ba sai bayan kwana shida, na tarar an sallame shi.

Haka watan ya tafi. Tara cikin goma na kiran ba sa bukatar likita. Wani ya ɓace wa ayarinsa, wani yana so a gaya masa ko allura tana karya alwala, wata tana neman a duba mata takalmanta da ta bari a ƙofar masallaci. Na goman shi ke hana ni zama. Rana ɗaya na ƙudura ba zan tashi ba, aka kira sau uku ina riƙe da ƙafar wani yaro mai shan inna, a na huɗu Dakta Sharfuddeen ya ce, "Je ka, hankalinka ya riga ka tafiya." Na samu wani alhaji ɗan Maraɗi ya sume, ana shirin yi masa maganin bugun rana, matarsa tana ta faɗin ciwon suga ne da shi, babu mai ji. Da na ƙara minti goma da an kai shi maƙabartar Baƙi'a. To da wane baki zan ƙi zuwa gobe? Ga shi tun ina rarrafe nake jin Baba yana cewa baƙin Manzo ba a juya musu baya. Duk Zulƙida kwana huɗu na yi a sashen da na zaɓa.

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa Muharram na nan. Kafin nan na karɓi takardu biyun farko, ɗaya daga shugaban tiyata, ɗaya daga na cikin jiki. Dukansu sun ba ni a buɗe, suna murmushi kamar sun yi mini kyautar doki. Na tsaya a bayan matakala na karanta. Ta farko ta ce ni yaro ne mai ladabi, kuma babu kamata wajen magana da alhazan Afirka. Ta biyu ta ce asibiti ba zai iya lokacin aikin hajji ba tare da harshena ba. Babu wadda ta ambaci cewa na taɓa ɗinke rauni ko gano cuta. Shekara bakwai ina haɗiyar littattafai a Jidda, abin da aka ga ya cancanci yabo shi ne wanda na tsotsa a nonon Inna. Na ji kunya, na kuma ji haushi, na rasa wanda zan huce a kansa.

Muharram ta zo da sauran alhazan, gajiyayyu, masu tari da kumburin ƙafa. Lasifika ta ci gaba da waƙarta. Ranar Talatar ƙarshe ta watan, takardun Kanada saura mako biyu a rufe karɓa, na sami Dakta Sharfuddeen yana ɗaure littattafansa cikin kwali. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar iyalinsa, na tambayi jirginsa, har ya gaji ya ce, "Takarda kake so."

"I, dakta."

"Kwana nawa ka yi a nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Tara, cikin sittin. A taran ma rabi kana kallon lasifika." Ya ajiye igiyar hannunsa. "Ba laifinka ba ne, na sani. Amma mutanen can sun san hannuna. In na ce na ga mutum yana aiki, to na gan shi. Kai ban gan ka ba."

Ban san lokacin da zancen Baba ya fito daga bakina ba, don ban taɓa yi wa kowa shi a asibiti ba. Na gaya masa bututun, da kujerar, da wata biyar na farko, da taku goma sha takwas. Ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu.

"Shekara biyu, majinyaci ɗaya, kai kaɗai," ya ce. "In gaskiya ne, ya fi wata biyu a ɗakunan nan. Zan zo jibi Alhamis bayan la'asar. Ina so in ga yadda kake ɗaga shi, inda kake sa hannunka, yadda yake takawa. In na gani zan rubuta abin da zai buɗe maka ƙofa. Juma'a bayan masallaci zan wuce Jidda, ba ni da wata rana."

Na fita ina jin kamar in rungumi mai shara. A gida na tsuguna gaban Baba na ce babban likitanmu zai zo jibi ya duba jikinsa, zai so ya ga yana tafiya. Ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ikilima ta tare ni a bakin kicin. Ita irin 'yan bayanmu ce, tana jin Hausa tsaf amma da Larabci take mayarwa, sai in tana son ta soke ka ta ɗauko karin maganar Inna.

"Gul lahu duguri, ya akhi. Ka gaya masa shaida kake nema, ba duba shi za a yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"In ce masa me? Baba, ka yabe ni gaban baƙo?"

"Aiwa! Haka ɗin."

Na yi tsaki na wuce. Ita auta ce, tana zama a gefen shimfiɗarsa tana ja masa gemu. Ba ta san nauyin da ke tsakanina da shi ba. Ni ma tawa kunyar ba ta bar ni in roƙe shi ba, kuma na ɗauka abin da muke yi kullum ba ya bukatar roƙo.

Ranar Alhamis na yi niyyar komawa gida tun azahar in shirya komai. Motar alhazai ta yi karo a hanyar filin jirgi, aka riƙe ni a ɗawari har aka kira la'asar. Daga nan motar Dakta Sharfuddeen na shiga, ina nuna masa lunguna har ƙofar gidanmu. Ƙamshin turaren wuta ne ya fara gaya mini an samu matsala.

Gidan ya shirya wa baƙo yadda ya san ana shirya wa baƙo. An share, an yayyafa ruwa. Bututuna an lulluɓe su da manyan dardumai biyu, don Inna ta daɗe tana cewa sun mai da mata tsakar gida kamar turken awaki. Baba kuwa ba ya ɗakinsa. An kai shi ɗakin baƙi da ke bakin ƙofa, an zaunar da shi a ƙasa kan kilishi, an tokare shi da matasai, yana sanye da babbar rigar shaddarsa ta Idi da rawani. Maƙwabta biyu aka kira suka ɗauko shi, na ji daga baya. Doguwar kujerar tana can bayan gida, don mai gida ba ya zama sama baƙonsa yana ƙasa. A gabansa ga faranti na shinkafa da kaji, ga dabino, ga butar shayi. Daga kujerar nan Baba yana miƙewa da ɗan tallafi. Daga ƙasa kuwa sai an rungume shi ƙirji da ƙirji.

Aka gaisa. Ni ne a tsakiya, kamar kullum, ina juya Turancin baƙo zuwa Hausa, ina juya Hausar Baba zuwa Turanci. Dakta Sharfuddeen ya ci dabino uku don kada ya ɓata wa mai gida, sannan ya nemi izini ya kama hannun daman. Ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kafaɗar, ya lanƙwasa gwiwar hannun. Na ga girarsa ta ɗaga.

"Wannan hannun an yi masa aiki. Yatsun ba su ƙandare ba. Tambaye shi wa ke motsa masa su."

Na tambaya. Baba ya ce, "Ikon Allah ne."

"Haka ne," in ji baƙon da na juya masa. "Amma ta hannun wa? Ɗansa ne?"

Na juya wajen Baba. Na ce, "Baba, yana tambaya ko ni ne."

Baba ya mai da fuskarsa wajen bango, yadda yake yi tun ina yaro. A hankali, kalma bayan kalma, ya ce, "Wancan? Yaro ne, mi ya sani? Wasa dai yake da ƙarafuna. Likita ai su ne."

Babu mai jin harsunan biyu a ɗakin sai ni. Da na ga dama da na ce mahaifina ya ce ni ne na tashe shi daga shimfiɗa. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye ba, har na jera kalmomin a kaina. Amma shekara guda ina tsaye tsakanin majinyaci da likita ban taɓa ƙara wa maganar kowa gishiri ba, kuma dattijon yana kallon fuskar da aka juya wa bango. Wace fassara ce za ta mai da wannan ƙeyar yabo? Na buɗe baki na faɗa masa da Turanci cewa mahaifina ya ce ni yaro ne, ban san komai ba, wasa nake da ƙarafuna. Ban taɓa jin muryata ta yi mini nisa kamar ranar ba.

Dakta Sharfuddeen ya saki hannun Baba. Ya ce, "To, mu gani. Ɗaga shi."

Na matsa na durƙusa gaban Baba, na zura hannuwana ƙarƙashin hammatarsa kamar yadda na yi sau ɗaruruwa. Sai na ji hannunsa na hagu a ƙirjina, yana ture ni.

"Gaban baƙo? Sake ni."

"Baba, don Allah. Taku kaɗan kawai."

"Zuba wa baƙo shayi."

"Baba, abin da ya kawo shi ke nan."

"Na ce zuba mishi shayi."

Baƙon ya gane ana ja-in-ja, ya ce shi zai taya ni, ya kama gefe ɗaya. Na faɗa wa Baba. Ya girgiza kai, ya ce ba a sa baƙo aiki a gidansa, in gaya masa yau ƙafar ba ta tashi. Daga bayan labule muryar Ikilima ta fasa ɗakin.

"Abuya, gum! Allah yikhallik, ka tashi!"

Na ji Inna tana jan ta ciki. Fuskar Baba ta rufe gaba ɗaya. Ga ɗan fari yana neman rungumarsa a gaban idon baƙo, ga muryar 'yarsa ta fito har baƙo ya ji. Ya ɗauki carbinsa da hannun hagu ya fara ja. Wanda ya san shi ya san an rufe zance. Na zuba shayin. Har ya malala a faranti.

Da za mu fita na ja Dakta Sharfuddeen zuwa tsakar gida, na yaye darduma ɗaya. Ya shafa bututun, ya auna tsayinsu da ƙugunsa, ya duba inda fentin ya goge saboda riƙo. Ya ce an yi su daidai. A bakin mota na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun Talata: cewa a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya yarda a ga jikinsu ya haɗu a gaban mutane. Ina magana ina jin kaina kamar mai kai ƙarar ubansa.

"Na yarda da kai," ya ce. "Nawa uban ma bai taɓa ce mini na kyauta ba har ya mutu. A zuciyata na san kai ka yi aikin nan." Ya buɗe ƙofar motar ya tsaya. "Amma abin da na gani shi ne hannu mai kyau, da ƙarfe, da dattijo a zaune. Hannun, uwa ma tana iya yi, ko mai tausa. In na fara rubuta abin da aka gaya mini, takardata ta zama irin ta kowa, kuma na cuci waɗanda na rubuta wa kafin kai. Zan ce ka yi kwana tara, kana da ladabi, kana son fannin. Ba za ta kai ka ba, gara ka ji daga bakina."

Na so in ce ya dawo gobe da safe kafin masallaci. Na haɗiye. Ko sau goma ya dawo, baƙo ne.

Takardar ta iso ranar Asabar a hannun wata nas, layi huɗu, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na haɗa da sauran biyun na aika. Amsa ta zo bayan wata uku, ita ma gajera. Ba a kawo kowa a madadin Dakta Sharfuddeen ba, aka mai da ɗakunansa ma'ajiyar gadaje. Da imtiyaz ta ƙare ma'aikata ta duba takardun yabon da ke fayil ɗina, ta ga inda na fi amfani, ta naɗa ni a ɗawari. Mudir ya rungume ni yana taya ni murna. Ina nan har yau, an ma daina kirana a lasifika tunda ba na zuwa ko'ina.

Amma a koma yammacin Alhamis ɗin. Na tsaya a lungu har motar ta ɓace, sannan na shiga gida. Ikilima tana kuka a kicin, Inna tana kwashe farantan da ba a taɓa ba. Na wuce ƙofar ɗakin baƙi ba tare da na leƙa ba, don ina tsoron abin da zai fito daga bakina. Sai na ji gyaran murya.

Na dawo na tsaya a bakin ƙofa. Ya cire rawanin ya ajiye a gefe, yana kiciniyar zare babbar rigar da hannu ɗaya.

"Baƙon ya tafi?"

"Ya tafi."

"To zo ka ɗaga ni. Rana tana faɗuwa."

Na daɗe a tsaye. Har yau ban san ko kunya ce kaɗai ta zaunar da shi a kan kilishin nan ba, ko kuwa ya san sarai abin da takunsa zai saya mini, ya ƙi biya. Ban tambaye shi ba, ba a tambayar irin wannan. Na durƙusa, na rungume shi, na tokare gwiwarsa da tawa, na ɗaga. Na kai shi bakin bututun, Inna ta janye ɗaya dardumar ba tare da ta kalli kowa ba.

Ya fara takawa, ina ƙirgawa a zuci. Ya kai ƙarshe ya juyo. Ya wuce goma sha takwas bai tsaya ba. Ya yi ashirin, ya yi ashirin da uku, bututun suka ƙare, ya saki ƙarfen ya ƙara uku a kan ƙafafunsa shi kaɗai, har bakin ƙofar da baƙon ya fita. Nan ya yi tangaɗi, na tare shi. Yana haki, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Hannun dama ne, wanda shekara biyu bai riƙe ko cokali ba. Ya riƙe ni da ƙarfi har na ji zafi.

Bai dube ni ba. Ya ɗaga kai wajen Inna ya ce, "Gaya wa wancan, gobe kada ya makara."

Ban makara ba.